Bolum mai ƙas-ƙas: me yasa masu haɗa amfilifaya ke cire fot su ɗaura makunni mai matakai

Duk wanda ya taɓa haɗa amfilifaya da hannunsa ya san abin nan. Dare yayi, ka rage bolum can ƙasa dan kar ka dami kowa, sai kaji muryar mai waƙa ta bar tsakiya ta lallaɓa ta koma sifikar hagu, ta dama kuma kamar an toshe mata baki. Ka ɗan ƙara kaɗan murya ta dawo tsakiya amma ƙara tayi yawa, ka rage ta sake guduwa. Da yawa sai su hau zargin sifika ko waya ko ma kunnensu, alhali mai laifin yana nan tsakanin yatsunsu, wato ɗan fot ɗin nan, abin da ake murɗawa dan ƙara bolum ko rage shi.

Cikin fot ba wani abin mamaki bane. Siririn layi ne na kabon da aka shafa a zagaye, siginal na shiga ta baki ɗaya, ɗaya bakin yana girawun, wato wayar da boltejinta sifili ne, sai wani ɗan harshen ƙarfe yana goga layin yana ɗibar siginal a inda ya tsaya. Na sitiriyo layi biyu ne a kan sanda ɗaya, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma ana so su zama tagwaye sak, wanda da wuya su zama. Sannan kunnen mutum baya jin ƙara a miƙe, shi yasa ake auna ta da desibel, ma'aunin da injiniyoyin wayar tarho na kamfanin Bell suka fito dashi a shekarun 1920, ana rubuta shi dB. In ka raba bolteji biyu dB 6 kawai ka rage, in ka raba shi goma ka rage 20, in ka raba dubu ka rage 60, shi kuma kunne sai an rage wajen dB 10 yake jin kamar ƙara ta koma rabi. Kaga kenan fot ɗin da layinsa yake bai ɗaya ba zaiyi aikin bolum ba, dan a rabin murɗawa dB 6 kacal ya rage, duk sauran aikin ya cunkushe a ɗan lungun ƙarshe. Dan haka ake yin na sauti daban, yadda a tsakiya kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai zai bari ya wuce, kuma masu arha ma yawanci layi biyu ne masu turjiya (yadda abu ke hana wuta wucewa, ana auna ta da om) daban aka haɗa baki dan a kwaikwayi lanƙwasar da ake so.

Toh yanzu duba abin da ke faruwa a can ƙasa. Ɗauki fot mai kilo-om 10, wanda muke rubutawa 10k. In kana so ka rage dB 60, turjiyar da ke tsakanin harshe da girawun om 10 ce kacal cikin om 10,000. A kan layin kabon wannan ɗan wuri ne ƙanƙani. In na hagu ya tsaya a om 14 na dama a om 10, bambancin om 4 ne wanda ko mitar awon turjiya sai ta nutsu take gani, amma a kunne kusan dB 3 ne, kuma dB 3 ya isa ya ja murya gefe ɗaya. Ba wai kayan banza kaɗai ke haka ba, ko Alps RK27 na Japan ɗin nan mai shuɗin jiki da kowa ke yabo, takardarsa ta yarda da bambancin dB 2 zuwa 3 tsakanin hagu da dama a ƙasa-ƙasa, duk da cewa yawancinsu sunfi haka kyau a aikace. Ga kuma tsufa, layin ya goge, ƙura ta shiga, ka taɓa bolum kaji ƙurrr.

Dabarar makunni mai matakai ita ce a daina goga kabon gaba ɗaya. A samo makunnin murɗawa mai bakuna da yawa, a kowane baki a ɗaura rizisto, wato ɗan abu mai tsayayyar turjiya, mai ƙima sananniya, kana murɗawa yana ƙas, ƙas, yana tsallakawa daga wannan rabo zuwa wancan. Rizisto na ƙarfe mai kuskuren kashi 1 cikin 100, in ma anyi rashin sa'a ɗaya ya karkata sama ɗaya ƙasa, abin da zai jawo a rabon bai kai dB 0.2 ba, in ka zauna da mita ka ware su biyu-biyu masu kama da juna sai bambancin ya ɓace ma gaba ɗaya. Murya zata zauna a tsakiya tun daga mataki na 2 har na ƙarshe. Riba ta biyu ita ce mataki na 11 na yau shi ne mataki na 11 na baɗi, shi yasa situdiyon da ke gyaran ƙarshe na waƙa suke son irin waɗannan makunnai a kayansu, dan su rubuta lamba su dawo kanta daidai bayan wata guda. Ni a ganina waɗannan biyun su ne ainihin abin da mutum ke saye, daidaito da maimaituwa. Sauran maganganun da ake yi na wai an ɗaga labule daga gaban sifika, zan zo kansu.

Hanya uku ake bi wajen jera rizistocin, kuma a nan ne gardama bata ƙarewa.

Ta farko ita ce jere. Ka haɗa rizistoci kai da kai kamar sarƙa daga shigar siginal har girawun, kowace mahaɗa ta zauna a kan baki ɗaya na makunni, harshe ya zaɓi inda zai ɗiba. Fot ne dai aka yanka gunduwa-gunduwa. Makunni mai baki 24 rizisto 23 yake ci a kowane ɓangare, faifan bakuna ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma turjiyar da na'urar da ke baya, wato mai turo siginal, take gani bata canzawa sosai duk inda ka murɗa. DACT CT2 na Denmak irin wannan ne, mataki 24 da ƙananan rizistocin nan da ake mannawa a kan allo. Masu sukarsa cewa suke in bolum na ƙasa siginal sai ya ratsa rizisto ashirin da ɗigon dalma arba'in kafin ya fita. Gaskiya ne yana ratsawa, amma wutar bata ƙirga su, abin da ta sani shi ne jimillar da ke sama da harshe da jimillar da ke ƙasa, kuma hayaniyar zafi da rizisto ke yi daga jimillar take fitowa ba daga yawan guntaye ba. Inda yake da rauni na gaske daban ne: ɗigon dalma ɗaya ya saki a ƙasan sarƙar, duk matakan da ke samansa sun rasa hanyar girawun, sai su zama kusan cikakken bolum. Wannan kam abin tsoro ne in sifikarka mai tsada ce.

Ta biyu tsani. Kowane mataki da nasa rizisto biyu, na sama da na ƙasa, makunni ya zaɓi biyun nan kaɗai sauran duk suna hutu. A takarda shi yafi tsafta, turjiyar shiga a tsaye take, siginal rizisto ɗaya yake ratsawa, kuma in ɗaya ya lalace mataki ɗaya kaɗai ya shafa. Amma kuɗinsa fa, faifai biyu kowane ɓangare, wato huɗu a sitiriyo, rizistoci sama da 90, ɗigon dalma ya kusa 200 a wuri kamar ƙwan fitila, kuma siginal yanzu baki biyu na makunni yake ratsawa maimakon ɗaya, wanda masu yabon tsani basu cika faɗa ba. Wanda yake jin daɗin zama da ayan ɗin soda na kwana biyu, bismillah.

Ta uku ana ce mata shant, wato ta zubarwa. Rizisto ɗaya ne tsayayye a kan hanyar siginal, makunni kuma aikinsa kawai ya zaɓi wanda zai zubar da saura zuwa girawun. Mutane na sonta saboda zaka iya kashe kuɗi a kan wannan rizisto ɗayan ka sayi mafi kyau, sai kace siginal ɗina abu ɗaya ya ratsa. Amma fa na zubarwar shi ma rabin lissafin ne, duk abin da yayi sai ya bayyana a abin da ya fita, dan haka maganar wai baya kan hanya yaudarar kai ce. Sannan turjiyar shiga tana yawo, da na sama 10k, a can ƙasa na'urar baya 10k take gani, a dB 6 ƙasa da ƙarshe 20k, a dB 1 sama da 90k. Turjiyar fita kuma tana ta hawa har ta kusa 10k ɗin in ka buɗe bolum sosai, saɓanin jere da tsani da basa wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Khozmo na Polan sun shahara da irin wannan mai mataki 48.

Ko wacce ka zaɓa, akwai abu ɗaya da in ka kuskure shi duk aikinka ya tashi a banza, shi ne irin makunnin. Akwai mai saki kafin ya kama, akwai mai kamawa kafin ya saki, a kundin kaya zakaga an rubuta na farko BBM na biyu MBB. Na farkon harshensa siriri ne, yana barin wannan baki ya rataye a iska na ɗan ƙiftawa sannan ya taɓa na gaba, shi ake so wajen zaɓen na'ura dan kar a gwara biyu. Na bolum dole mai kamawa kafin saki, harshensa mai faɗi ne yana taɓa baki biyu lokaci ɗaya yayin tsallakawa. A jere, in harshe ya rataye ƙofar amfilifaya ta zauna babu komai a kanta, sai kaji ƙas ko ɗan gurnani. A shant kuwa, in na zubarwa ya cire, babu mai zubarwa kenan, cikakken siginal ya wuce. Na taɓa yin wannan wautar a farkon shigata harkar, na ga makunni mai arha na ɗaura ban duba ba, ina murɗawa daga mataki na 3 zuwa na 4 sifika tayi wani irin tsalle da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, sa'a ɗaya ƙaramar amfilifaya ce. Gwajin ba wuya, sa mita a baki biyu maƙwabta ka murɗa a hankali, in tayi ƙara a tsakiyar tsallakawa mai kamawa ne.

Wani kuma ya sayi makunnin da ya dace amma duk da haka kowane mataki yana fitar da ɗan ɗas a sifika, sai ya ɗora laifin a kan makunni. Yawanci wutar DC ce, wato tsayayya wadda bata hawa da sauka, ta ɓuya a layin. Siginal ɗin waƙa yana hawa yana sauka, in ka canza rabonsa kwatsam da dB 2 kunne baya damuwa, amma in akwai tsayayyar bolteji ko da milibolt kaɗan ce, kowane ƙas tsalle ne gareta, amfilifaya kuma ta ninka tsallen sau 20 ko 30 ta miƙa wa sifika. Tana iya zuwa daga baya, in na'urar bata da kafasito, abin da ke tare DC ya bar siginal ya wuce, a bakin fita ko yana yoyo. Tana iya zuwa daga gaba, wanda shi mutane suka fi mantawa: ayisi, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, irin NE5532 mai ninka siginal yana jan 'yar wuta ta ƙafar shigarsa, wajen nano-amf 200, in ya bi ta turjiyar 25k ya zama milibolt 5, ka murɗa turjiyar ta canza boltejin ya canza, ɗas. Ayisin TL072 mai ƙofar JFET, wani irin tiransisto, kusan baya jan komai shi yasa baya wannan. Maganin dai kafasito tsakanin harshe da ayisi, da rizisto nasa na kansa daga ƙafar zuwa girawun. Masu amfilifayar kwalba, wato mai ninka siginal da ƙwayayen gilashi maimakon tiransisto, ma haka, a bar rizisto kamar om miliyan 1 daga girid, wato ƙafar shigar kwalbar, zuwa girawun dindindin, kar a dogara da makunni ya riƙe shi.

Sai zaɓen ƙimar gaba ɗaya, 10k ne ko 50k ko 100k. A nan gaba kura baya sayaki ake ciki. Turjiyar fita ta jere ko tsani tana kaiwa ƙololuwa a dB 6 ƙasa da ƙarshe, kashi ɗaya cikin huɗu na jimilla, wato 100k zai baka 25k. In ka jona masa kebul mai tsawon mita 3 wanda kowace mita ke ɗauke da fikofarad 100 (farad ma'aunin kafasito ne), kayi matattarar da ke yanke siririn sauti, ta rage dB 3 a wajen kilohaz 21 (haz na auna kauri ko sirancin sauti, yawansa shi ne siranci), kuma tun kafin nan ta fara taɓa abin da kunne ke ji. Da 10k lissafin ya koma sama da kilohaz 200, ba ruwan kowa. Haka nauyin amfilifayar da ke gaba, in ƙofarta 47k ce ka sa mata makunnin 50k, matakin da ka lissafa dB 6 zai zama 8, da 10k kuwa 6.5 zai zama. Kaga kamar 10k ya cinye gasar, amma juya ka dubi baya: na'urar da ke da kafasito mai mikrofarad 0.47 a bakin fita, irin yadda ake yawan gani a kayan kwalba, in ka ɗora mata 10k zata zubar da bes ɗinka, wato kaurin sauti, dB 3 a wajen haz 34, da 100k kuwa a haz 3.4 wanda ba mai ji. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan. Abin da nake bi shi ne, kayan tiransisto da ayisi 10k zuwa 25k, kayan kwalba 50k zuwa 100k amma makunnin ya zauna cikin akwati ɗaya da matakin da yake ciyarwa, waya gajeriya, kar a kai shi bayan dogon kebul.

Yanzu bari in zo inda nake ganin gizo ke saƙa, wanda kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum zai kwana yana gardamar wane kamfanin rizisto yafi zaƙin murya, amma bai taɓa tambayar kansa a wane mataki zai riƙa sauraro ba. Baki 24 ne da kai, ɗaya na shiru, saura 23, kuma kana so ka rufe tazarar dB 60 ko fiye. In ka raba daidai kowane mataki ya kusa dB 3, yayi faɗi. Yawancin na kasuwa abin da suke yi shi ne dB 2 daga sama har zuwa wani wuri, sai matakan ƙasa su riƙa manyan tsalle. Wato sun zuba laushin a sama. Tambayar ita ce wa ke sauraro a sama?

Yi lissafin da kanka. Na'urar CD da yawancin masu juya sautin dijital bolt 2 suke fitarwa a cike. Amfilifaya mai ninkawa sau 20, wato dB 26, abu ne gama-gari, wasu ma har 30. Bolt 2 sau 20 bolt 40 kenan, a sifika mai om 8 wat 200 ne, wanda ƙila amfilifayarka bata ma iya bayarwa. Wat 1 bolt 2.83 ne, kuma sifikar da ke bada dB 90 a wat 1 a tazarar mita 1 ta riga ta cika ɗaki. Daga 40 zuwa 2.83 ragin dB 23 ne. Ma'ana ƙarar da zaka kira mai ƙarfi tana wajen 20 zuwa 25 ƙasa da ƙarshe, ta hira tana wajen 35, ta dare 45 zuwa 50. Matakai goma na sama da aka yi musu laushi ba zaka taɓa taka su ba, rayuwarka duk tana matakai bakwai ko takwas na ƙasa inda tsallen yake da faɗi, wannan yayi shiru na gaba yayi ƙara. Mutumin da ya sayi makunni mai tsada yace bai ji daɗinsa ba, sau da yawa wannan ne ya same shi, ba rizisto ba.

Tunda kai ke haɗawa, kai ke da ikon raba matakan, kuma wannan ita ce babbar ribar yin abu da hannu. Kafin ka sayi komai, yi amfani da tsohon fot ɗinka a matsayin ɗan leƙen asiri. Sa shi inda kake sauraro da dare, kashe wuta, cire wayoyinsa, auna daga harshe zuwa girawun, raba da jimillar fot ɗin, danna log a kalkuleta ka ninka da 20. Sake yi a inda kake kaiwa in ka ware. Tsakanin lambobin nan biyu nan ne gidanka, nan zaka zuba ƙananan matakai. Misali ga wanda tazararsa ta faɗa yadda na lissafa a sama: na 1 shiru, sai ragin 62, 56, 52, 48, daga 46 a sauko bibbiyu har 20 wanda ya ci baki 14, sauran biyar ɗin 16, 12, 8, 4, 0. Duka 24. Lissafin rizistocin jere kuma ba sai da wata manhaja ta musamman ba, ga kowane mataki ka nemo turjiyar daga nan zuwa girawun, sannan ka ɗebe na ƙasa daga na sama. A 10k, ragin 62 om 7.9 ne, 56 om 15.8, 52 om 25.1, kaga rizisto na farko 7.9, na biyu 7.9, na uku 9.3, haka har sama inda ragin 4 ke kan om 6,310, na ƙarshe ya zama 3,690. Ba zaka samu lambobin cif ba, ka ɗauki mafi kusa a jerin E96 na ƙimomin da ake ƙera rizisto a kansu, kamar 7.87 da 3.65k. Kar ka damu in mataki ya fito 2.1 maimakon 2, ba mai ji, abin da kunne ke kamawa shi ne hagu da dama su bambanta.

Amma gaskiyar magana in ka ga kana zubar da dB 40 kullum, matsalar ba a bolum take ba, ninkawa ce tayi yawa a tsarin. Kana rage siginal sau 100 sannan ka sake ninka shi tare da duk hayaniyar da ya kwaso. In kai ka haɗa amfilifayar rage mata ninkawa, ko ka cire matakin ninkawa na gaba da ita in akwai, sai matakan makunni su matso tsakiya da kansu.

Shi kansa makunnin, 24 shi ne aka fi samu dan digiri 15 ne tsakanin baki da baki, Elma na Siwizalan da Seiden na Japan sunaye ne da aka sani a nan, Goldpoint na Amurka an san shi da haɗaɗɗu masu 24 da masu 47. Ƙananan na roba irin Lorlin na Ingila baki 12 ne a digiri 30, kuma mai 12 ɗin layi ɗaya ne, in kana son sitiriyo a sanda ɗaya sai mai layi biyu baki 6. Wasu sai su sa guda biyu masu 12, hagu daban dama daban, wanda ni dai yana gajiyar dani, hannu biyu duk sanda zaka rage ƙara. Wasu kuma su jera biyu masu 6, ɗaya na manyan tsalle dB 12, ɗaya na ƙanana dB 2, ya basu matsayi 36 da tazarar dB 70, dabara ce mai kyau in ka lissafa nauyin da na biyun ke ɗora wa na farko. Bakunan kuma a nemi masu ruwan zinari in da hali, azurfa tafi kai wuta amma tana baƙi da iska, kuma siginal ɗin sauti ƙarami ne bashi da ƙarfin da zai ƙone dattin da kansa, sai dai gogar harshe ta share shi. Wajen soda a yi sauri, zafi na narka robar da ke riƙe da baki ya karkace, kuma kar a bar ruwan dalma ya gangara kan inda harshe ke bi. In ka gama, kafin ka jona sifika, bi matakan ɗaya bayan ɗaya da mita a ɓangarorin biyu ka rubuta, lambar da ta fita daga layi zata nuna maka inda ka musanya rizisto, kuma kusan kowa sai ya musanya ɗaya.

Wanda yake son rimot, makunnin hannu ba nasa bane sai dai ya ɗaura masa ɗan injin lantarki mai murɗa shi. Akwai hanyar rile, wato makunnin da wuta ke motsawa, guda 6 masu rage dB 1, 2, 4, 8, 16 da 32 suna bada mataki 64, sai dai wajen tsallakawa daga 31 zuwa 32 duka shidan ke motsi lokaci ɗaya, in na 32 ya makara da ƙiftawa ɗaya cikakkiyar ƙara ta wuce, shi yasa ake tsara su a fara kama ragi kafin a saki. Akwai kuma ayisi irin PGA2311 mai matakan rabin dB, wanda shi ma a cikinsa jeren rizistoci ne da makunnan lantarki. Duk tunani ɗaya ne aka canza masa riga.

Toh maganar ɗaga labule fa, shin sauti na ƙara kyau? Abin da na yarda dashi shi ne wanda ake iya aunawa. In hagu da dama sun daidaita murya zata tsaya cak a tsakiya, kayan kiɗa su zauna inda aka ajiye su, kuma mai sauraro zai kira wannan da tsafta ko faɗi ko duk sunan da yazo bakinsa, ba ƙarya yayi ba. In kuma ya canza fot 100k zuwa makunni 10k, siririn sautin da kebul ke cinyewa ya dawo, shima gaskiya ne, amma ƙimar ce tayi aikin. Sannan akwai tarkon gwaji, ƙarar da tafi da rabin dB kunne yakan ce tafi daɗi ba tare da ya gane ƙara ce ba, kuma kusan ba wanda ke daidaita ƙarar da mita kafin ya kwatanta. Bambancin rizisto mai kyau da wani mai kyau a bolt 2, ni ban taɓa iya rantsuwa na ji shi ba. Wanda yake sauraro a tsakiyar fot mai kyau kuma murya bata gudu masa, ba dole sai ya canza ba.

Abin da ke rage bayan duk wannan shi ne ranar da ƙarar da kake so ta faɗa tsakanin mataki na 12 da na 13, kuma zata faɗa, musamman da hedfon inda dB 2 ke jin kamar yayi yawa. Ba sai ka sayi mai 48 ba. Sa rizisto 1.21k a kan hanyar siginal kafin makunnin 10k, ɗaya hagu ɗaya dama, da ɗan makunnin sama-ƙasa mai layi biyu da zai gajarce su. In ya gajarce kana kan lissafinka na asali, in ya buɗe komai ya sauka da dB 1, sai kowane mataki a yankin bibbiyun nan ya samu ɗan'uwa a tsakiya. In naka 50k ne rizisto ya zama wajen 6.1k, in 100k ne 12.1k.